Ranar da Na Kira Shi da Sunansa

Assalamu alaikum, Yaya Hadiza.

Gaisuwa mai yawa. Yaya gida, yaya Abban Ummi da yara, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Roni sai godiya. Ƙafar Inna da sauƙi.

Ni kam a gajiye nake, Yaya. Kowace Talata maigidana Malam yana kai ni Kazaure a babur, wurin likitar da ke duba ni kan ciwon damuwa. Mako biyar ina zama gabanta kamar gunki. A littattafan da nake karantawa abu kaɗan ke sa mace kuka, ni kuwa tun da aka binne yarona ko ɗigon hawaye ban zubar ba. Kowa sai yabon haƙurina yake, abin kuma yana cina.

Wannan Talatar likitar ta ce, "Kullum yaron nan kike cewa. Yaya sunansa?"

Na ce, "Haba likita, ɗan fari ne fa, kuma sunan surukina ya ci."

Ta ce, "Daga ni sai ke a ɗakin nan. Zan jira."

Na daɗe ina murza bakin mayafina, sai na ji bakina ya ce Sulaimanu. Wata bakwai ina goyonsa, kunya ba ta taɓa barina na kira shi haka ba. Na yi kuka har muryata ta dushe, ita kuwa ba ta ce in yi haƙuri ba.

Ban warke ba tukuna, amma jiya na cinye tuwona.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a, shi ma ki ambace shi da sunansa.

Ƙanwarki,
Rabi