Tsarabar Ranar Zaɓe

Al Muraqqabat, Dubai

Zuwa ga Yayata Kamila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan alhamdulillahi, sai zafi. Na ba Hajiya A'i wannan takarda ta taho miki da ita, don maganar ba ta waya ba ce, yaran nan nawa Mahfuza da Dikko kunnensu kamar na zomo.

Kin tuna fasfon da Abban Mahfuza ya saya bara, na wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku, wai ya huta da wahalar biza? To, ya tafi can. Ƙasar kakaf ba ta kai Fagge jama'a ba, sunanta ma harshena ya ƙi juya shi, amma tana da Firayim Minista da majalisa mai kujera goma sha biyar. Ɓangaren da ya fi da kujera ɗaya tak, shi ke da gwamnati. Da zaɓe ya matso sai masu mulki suka tuna da 'yan ƙasarsu na Dubai, irinsa masu fasfon saye. Ɗantani, dillalin nan na unguwar Naif da ya haɗa cinikin fasfon, ya bi su shago-shago: jirgi kyauta, masauki kyauta, ka jefa ƙuri'a ka dawo.

Na gaya wa Abban Mahfuza banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya yi dariya, wai mako ɗaya ne, khalas, shi ke nan. Kin kuma san shi da kunyar zuwa wuri hannu rabbana. Sai da ya cika akwati da turare da dabino, wai tsarabar mutanen ƙauyen da aka yi masa rajistar zaɓe. Ni dai tun fitarsa addu'a nake ta yi.

Ki gaishe mini da Inna da kyau.

Ƙanwarki,
Wasila

Al Muraqqabat, Dubai

Yaya Kamila,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun wuni lafiya, kuma jikin Inna da sauƙi.

Yaya, bai dawo ba. Waɗanda suka kai su sun faɗi zaɓe da kujera ɗaya. Sabuwar gwamnati ta bar sauran 'yan Dubai suka hau jirgi, shi kaɗai aka tare a filin jirgi, aka karɓe fasfonsa.

Tsarabar nan ce. Ana jajibirin zaɓe ya bi ƙauyen gida-gida yana gaishe da tsofaffi, yana miƙa wa kowa kwalbar turare da ƙullin dabino. Suka yi murna, har da ɗaukar hoto. Ashe a dokarsu, kyauta a makon zaɓe, ko alawa ce, sayen ƙuri'a ne. Mutumin da ko sunan ɗan takarar bai iya faɗa ba. Wallahi har yanzu ban san ko in yi kuka ko in yi masa faɗa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, can kowa ɗan'uwan kowa ne. Alƙali surukin sabon Firayim Minista ne, ɗan sandan da ke gadinsa kuwa uwarsa na cikin waɗanda suka karɓi turaren, yanzu ita ce shaida. Na je wurin wani lauya a Deira, ya ce tunda da fasfonsu ya shiga, nasu ne, ba wanda zai iya sa baki daga gida. Ɗantani kuwa ya rufe shago, wayarsa a kashe.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. A dai taya mu da addu'a.

Taki,
Wasila

Al Muraqqabat, Dubai

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya.

Majalisarsu ta zauna, ta soke duk fasfon da tsohuwar gwamnati ta sayar. Na ce to alhamdulillahi, tunda ba nasu ba ne yanzu, sai su sake shi. Lauyan ya ce a'a, an cire sunan mutum ɗaya daga sokewar, don a iya yi masa shari'a a matsayin ɗan ƙasa. Suna son wanda za su nuna wa jama'arsu, kuma shi ne ba shi da dangi a can. An ɗauke shi daga masauki zuwa wani ƙaramin tsibiri da kwale-kwale kawai ke zuwa, in teku ta kwanta.

Jiya da azahar suka bar shi ya kira ni. Da Turanci ya yi magana, abin da bai taɓa yi da ni ba, ina jin tarin wani a kusa da shi. Kuma ya kira sunana, gatsau, shi da tun aurenmu bai taɓa faɗarsa ba. Bai ce yana lafiya ba. Ya ce in yafe masa, in kai yara gida, kada in jira shi a nan. Ina ta cewa Abban Mahfuza, Abban Mahfuza, aka katse layin.

Yaya, tsoro nake ji. Bizar zamanmu a kan tasa take, ita ma ta kusa faɗuwa. Yanzu kam ki je ki zaunar da Inna ki gaya mata a hankali. Ki sa a share mana ɗakin nan na kusa da nata. Kada a wahala da neman babban gado, mu uku ne za mu zo.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Wasila