Ƙararrawar da Aka Buga wa Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi, ya tsare ka a inda kake. Mu ma muna nan, ciwon gwiwar Mama ya yi sauƙi, bakinta kuwa ka san ba ya ciwo.

Yaya, maganar Auta ce ta sa na rubuto. Tun da aka ce rundunarsu ta shiga daji ba ta fito ba, ba gawa, ba labari, gidan nan ya tsaya cak. Kowace Asabar sai Mama ta sa na goge farar rigarsa na rataye a bayan ƙofa, wai kada ya dawo ya rasa abin sawa zuwa coci. Matarsa kuwa har yau Amarya muke ce mata, ga shi shekaru sun ja. Ba ta cikin matan aure, ba ta cikin gwauraye. Ko a zumuntar mata ba a san bencin da za a ba ta ba.

Ranar Lahadi aka yi sujadar tunawa da waɗanda yaƙi ya ci. Fasto yana kiran suna, iyalin mamacin su miƙe, a buga ƙararrawa sau ɗaya. Tun kafin ranar, Fasto ya zo gida ya tambaya ko a sa sunan Auta. Mama ta ce duk wanda ya kira sunan ɗanta cikin matattu, shi ya kashe shi. Fasto ya sunkuyar da kai ya tafi, kuma bai kira ba.

Amma da sunaye suka ƙare, kafin a fara addu'ar salama, sai Amarya ta miƙe ita kaɗai. Tsohon da ke buga mana ƙararrawa kurma ne, ba ya jin suna, in ya ga an miƙe sai ya ja igiya. Ya hango ta tsaye, ya ja. Mama ta ɗauki jakarta ta fice, ni kuma na rasa wadda zan bi.

Tun ranar ba su yi magana ba. Mama tana ɗakinta, Amarya tana nata, ni ce mai kai abinci nan, in kai can, kamar ma'aikaciyar asibiti. Amarya ta ce min ba wani take so ba, so take kawai a bar ta ta yi kukan mijinta a fili. Mama ta ce dole Fasto ya janye ƙararrawar. Shi kuwa ya ce abin da aka riga aka ji ba ya janyuwa, sai dai mu ci gaba da addu'a. Na gaji, Yaya. Ina roƙon Allah ya kawo salama a ƙasa, kada wata uwa ta sake goge rigar da ba mai sawa, alhali na kasa samo salamar tsakar gidanmu. Ni kaina da na ji ƙararrawar nan, kuka na yi irin wanda ban taɓa yi masa ba.

Kai ne babba, kuma muryarka kaɗai Mama ke saurara. Ba kira a waya nake so ba. Ka zo kafin sujadar tunawa ta baɗi, ka zauna kusa da ita a benci. Na lura da ita ranar nan: da Amarya ta miƙe, Mama ta dafa bencin gabanta, ta ɗan yunƙura kamar ita ma za ta miƙe, sannan ta waiga. Ba kowa a gefenta da zai riƙe ta.

Ka gaishe min da matarka da 'yan biyu. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Amarya ma ta ce a gaishe ka, ta ce kada ka yi fushi da ita.

Ubangiji ya haɗa fuskokinmu cikin salama.

Taka ƙanwa,
'Yar Tsakiya