Rago Ɗaya, Mata Goma Sha Ɗaya

Tanti Biba, don Allah ki taimake ni kafin ranar kasuwa, don in ba haka ba ko dai in fasa ma wani mutum baki, ko in zauna ina kallo a wanke Innata tas, kuma da hannuna a ciki. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban taɓa zama bencin lakol, wato makarantar boko, ba. A jikin buhun siminti da kwalin magani na koyi karatu, ina tare duk wanda na gani da alƙalami ina tambaya har ya gaji da ni. Yanzu ba takardar Hausa da za ta gagare ni. To wannan alfaharin ne ya jefa ni cikin rami.

Ni mai cajin waya ne a wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Ina da rumfa da faranti biyu na hasken rana. Rabin garinmu ni ke buɗe musu saƙo, ni ke faɗa musu abin da ɗansu ya rubuto daga Libiya ko Legas. Har suna suka sa mani, Mai Karatu, kuma ba zan ɓoye miki ba, in an kira ni da shi kaina har ɗan girma yake.

Bayan kaka wani mutum ya fara zuwa kasuwarmu, wai shi Abdul Razak, wai darakta. Shadda kullum kamar zai je ɗaurin aure, turarensa na isowa kafin shi. Ya ce yana da gidan kiwo bayan Tasawa. Mace ta ba da jika arba'in, wato sefa dubu arba'in, a saya mata ɗan rago balami, a turke shi can, ba ta share kashi ba ta neman harawa, in layya ta zo a sayar a ba ta ninki biyu. Abin da za ta riƙa yi kawai shi ne ta ba da kuɗin dusa kowane mako, shi kuma ya aiko mata hoton ragonta ta ga yadda yake cika. Ƙanwar babana, Gwaggo Balkisu, wadda ba a taɓa riga ta shiga wani abu ba, ita ta fara. Ba a yi wata biyu ba ya dawo mata da kuɗi ninki, ya ce wani alhaji ya ga ragonta ya kasa haƙuri har layya. Tanti, ranar nan Gwaggo guɗa ta yi a tsakiyar ƴan kifi. Ta mayar da kuɗin duka a hannunsa, ta sayi wani.

Sai mata suka taso. Amma Innata mace ce mai taka-tsantsan, ko gishiri sai ta ɗanɗana take saye. Ta ce ba za ta ba da ko dala ba sai ɗanta ya karanta takardar gidan kiwon. Suka zo rumfata su goma sha ɗaya har da Gwaggo, shi yana biye da su yana murmushi. Ya miƙo takarda. Na duba, Faransanci ne daga sama har ƙasa. Ni kuwa Faransancina bai wuce na kunna waya da kashe ta ba. Ga zanen rago a kai, ga hatimi har biyu. Shi kuma ya ɗaga murya yana cewa ai ga babban malamin boko nan, a yi shiru ya karanta. Inna ta gyara mayafi tana kallon sauran matan ɗaya bayan ɗaya, irin kallon nan na ku ga abin da na haifa. To ki gaya mani, a nan ne zan ce ban iya ba? Na motsa leɓe, na bi layi da yatsa, har na ɗan tsuke fuska a wani wuri kamar na ga abin dubawa, sannan na ce takarda ba ta da matsala. Duk suka kwance bakin zane.

Ga inda mutumin nan ya fi ni wayo. Ya san matanmu ba sa son a ga dabbar da suka turke, don tsoron baki. Sai ya ja musu kunne, ya ce duk wadda ta nuna hoton ragonta ga wata, in ya rame ko ya mutu, ba ruwan gidan kiwo. Shi ke nan kowace ta ɓoye wayarta kamar sirrin ciki. Amma ba su iya buɗe hoton ba, dole su kawo mani, kuma kowace sai da ta sa na rantse ba zan nuna wa kowa ba. Ni kaɗai a garin nan nake ganin ragunan duka.

Tun makon farko na ga sun yi kama da yawa. Na ce to balami ne, duk farare ne. Mako na biyu na lura kowane ƙahonsa na hagu ya guntule. Na ce wataƙila faɗa suke yi. Sai Inna ta zauna ta tufka igiya da hannunta, ja da kore, ta ɗinke laya a jiki, ta ba Abdul Razak ta ce a ɗaura wa nata a wuya saboda mugun ido. Mako na gaba hoto ya zo, ga rago da igiyar Inna, ta yi ta sa mashi albarka. Tana tafiya Gwaggo ta kawo tata wayar. Na buɗe. Igiyar Inna. Zara'u mai ƙosai ta kawo. Igiyar Inna. Har ta goma sha ɗaya, igiya ɗaya, laya ɗaya, guntun ƙaho ɗaya, har kwanon ruwan da ke bayansa ɗaya. Malalacin ɓarawon ko ya cire igiyar ya sake ɗaukar hoto bai iya ba! Gwaggo da ta ga igiyar cewa ta yi lalle darakta ya san manyan masu hulɗa da shi, har kwalliya ya yi wa nata.

Kuma wallahi Inna da Gwaggo sun yi kwana uku ba sa gaisawa a kan wane rago ya fi ƙiba. Gwaggo ta ce nata ba ya iya tashi sai an tallafa, Inna ta ce wannan ciwo ne ba ƙiba ba, nata ne mai lafiyayyen gindi. Ina tsaye ina jin su, rago ɗaya suke wa faɗa.

Na ɗauki takardar a ɓoye na kai wa Mushe Abdulhamid, kamar yadda muke kiran malamin lakol ɗin garinmu. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yi dariya har da tari. Ashe tsohuwar sanarwar rigakafin dabbobi ce ta shekara uku da suka wuce. Ba sunan Abdul Razak, ba gidan kiwo, ba komai. Abin da na bi da yatsa ina gyaɗa kai ke nan, ranar da za a yi wa awaki allura.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Mutumin ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai buɗe zagaye na biyu, na shanu. Inna ta ce za ta sayar da tumakinta biyu, na gaske, masu numfashi, waɗanda da su muke tsallake bazara in hatsi ya ƙare a rumbu. Na ce mata mutumin nan ɓarawo ne. Ta ce ba kai ka karanta takarda ba? Na ce ta zo in nuna mata hoton wata. Ta rufe ido da tafin hannu, ta ce ita ba za ta cinye dukiyar mutane da ido ba, kuma ni ina rantsuwar da na yi? Duk ta inda na biyo, da takardar nan take tare ni. Ba abin da zai tsayar da ita sai in ce mata ƙarya na yi. In na faɗa kuwa, sunan Mai Karatu ya mutu, Gwaggo za ta yi mani waƙa a gidan biki, kuma kunyar da zan ba Inna a gaban matan nan ta fi mani komai zafi.

Na tanadi taɓaryar Inna a bayan rumfa. Tunanina shi ne in ya sauko daga moto in karanta mashi ita a gadon baya, kowa ya watse, ba sai na tona kaina ba. Ko kina ganin akwai wata hanya?

Mai Caji da Ransa Ya Ɓaci, daga yankin Mayahi

*

Ɗana Mai Caji, da farko mayar wa Inna taɓaryarta, tana da daka. In ka doke shi, kai za a tafi da kai, shi ya zama abin tausayi, matan su yi ta ba shi haƙuri, kuma kafin ka fito an sayar da tumakin. Bugu ba zai nuna wa kowa igiyar nan ba.

Na yi dariya da wasiƙarka, ba zan musa ba. A sanina sa ne ake haɗuwa mutum bakwai a yi layya da shi, ban taɓa jin mata goma sha ɗaya a kan rago ɗaya ba. Amma na ga nauyin da ke zuciyarka, don haka bari mu raba laifin daidai. Mutumin nan ya san aikinsa. Ya ba Gwaggo riba don ta zame masa mai shela, kuma kuɗin da ya ba ta ya san za su dawo hannunsa. Ya yi amfani da tsoron baki ya raba matan da juna. Kai ma ba da ka ya zaɓe ka ba: ya yabe ka a gaban mahaifiyarka don ya san yaro mai zuciya ba zai ce ban iya ba a wurin. Wannan nasa ne. Naka kuwa shi ne ka ce ka karanta abin da ba ka karanta ba, mutane suka saki dukiyarsu a kan maganarka. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma kai ka sani, shi ya sa fushinka ya kai haka. Rabinsa da kanka kake yi.

Ka sami Inna ita kaɗai, yau, ba gobe ba. Ka durƙusa ka ce mata Hausa ka iya, Faransanci ba ka iya ba, kunya ce ta sa ka gyaɗa kai. Za ta yi faɗa. Bar ta ta yi, kada ka tanka, ko da bakin naka na ƙaiƙayi. Kana tsoron ba ta kunya, amma ka auna da ranar da layya za ta zo ba rago, ba tumaki, sannan ta ji gaskiya daga bakin wani. Kunyar yau ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Batun rantsuwa, kada ka buɗe wayar kowa a bayan idonta. Amanarsu ce, kuma da ita kake cin abinci. Abin da za ka yi ya fi wannan sauƙi: kada ka nuna wa Inna komai, ka ce ta je da kanta ta tambayi Gwaggo Balkisu wace irin igiya ce a wuyan ragonta. Tambaya ba kallo ba ce, ba wanda bakinsa zai kama. In Gwaggo ta ce ja da kore da laya a jiki, aikinka ya ƙare. Macen da ta tufka igiya da hannunta ba ta bukatar takarda ta gaya mata komai. Daga nan su biyun za su tara sauran, kowace ta ajiye wayarta a tabarma da yardarta. In har yanzu rantsuwar na damun ka, ka tambayi limaminku.

Sannan kai da Mushe Abdulhamid da biyu daga cikin matan ku je wurin mai gari, ku wuce wurin jandarma da takardar da hotunan da lambar wayarsa, tun kafin ranar kasuwa. A yi shi cikin shiru, a roƙi Gwaggo ta riƙe bakinta kwana biyu rak, don in labari ya riga ku, ba za ku sake jin ƙamshin turarensa ba. Kada ka yi wa matan alkawarin kuɗinsu za su dawo. Wataƙila a sami wani abu, wataƙila ba a samu ba. Abin da ke hannunka shi ne tumakin Inna da dukiyar duk wadda ke shirin shiga zagayen shanu. Kuma kada a bar kowa ya zagi Gwaggo, ita ma cutar ta aka yi.

Sunan Mai Karatu kuwa, za a yi maka tsiya wata ɗaya ko biyu, ka shanye. Wanda ya koya wa kansa karatu a jikin buhun siminti ba zai gagara koyon Faransanci ba, ga Mushe a kusa, ka riƙa yi masa caji kyauta. Daga yau duk takardar da ta fi ƙarfinka, ka ce ta fi ƙarfinka. Za ka ga sun ƙara yarda da wadda ka ce ka karanta.

Allah Ya huci zuciyarka, Ya tsare abin da ya rage, Ya ba Inna haƙuri da kai. In an kamo ragon nan, ku bar matan su sasanta yadda za su yi da shi, amma igiyar ta Inna ce. A kwance a mayar mata, ta ɗaura wa tunkiyar da take gani da idonta kowace safiya.

Tanti Biba