An ba ni sauraro a matsayin maganin ƙarar kunne

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fara taɓa zumunci.

Ni magidanci ne a wani ƙauye kusa da Kunci, ina noma, kuma ni nake kula da injin niƙa da mahaifinmu ya bar mana tun ina saurayi. Tun daminar bara kunnena na hagu ya fara wata siririyar ƙara kamar kukan gyare, ko sallah nake ba ta tsayawa. Na ɗiga mai, na sha rubutu, babu sauyi. Ƙanena da ya yi karatu a Bici shi ya matsa muka je asibiti Kano. Likitar kunne ta auna ni, ba allura ba ƙwaya, sai ta sa wani abu a wayata, wai kullum in sa iyafis a kunne in saurari sauti bibbiyu in danna wanda ya fi siriri, a hankali ƙwaƙwalwa za ta daina kula ƙarar. Na tambaye ta ko zan warke, ta ce, "Wasu suna jin sauƙi, wasu ba sa ji, ba zan yi maka alkawari ba." Daga nan ta juya wajen ƙanena suka daɗe suna turanci. Da muka fito ya ce wai ta ce in nisanci inji. Ni dai ban ji ta faɗa da Hausa ba.

Yanzu makullin injin yana hannunsa, ni ina gindin darbejiya ina danne-dannen waya, yara masu kai niƙa suna wucewa suna yi min ya jiki. Tsakani da Allah ƙarar ta ɗan lafa, in ana hira har mantawa nake da ita. Amma ban sani ba, sauraron ne ya yi aiki, ko barin injin, ko kuwa sabo ne kawai. Kwanaki na daina sauraron a ɓoye don in gwada, ban ji wani bambanci ba. Da na gaya wa ƙanen nawa sai ya hau faɗa wai ba na son lafiyata, ya kai ni ƙara wajen Innarmu, ita kuma ta ce in na koma injin ba da yawunta ba. Jiya na tarar ya sauya wa ɗakin injin kwaɗo, ya ce tsohon ne ya lalace.

Don Allah akwai wanda ya taɓa yin irin wannan maganin ya ga amfaninsa? Kuma in koma asibitin ni kaɗai in tambayi likitar da bakina ko da gaske ta ce in nisanci inji, ko in yi shiru in ci gaba da dannawa? In ta ce ba ta faɗa ba, ban san yadda zan sake cin tuwo kwano ɗaya da shi ba. In kuma ta ce ta faɗa, to me zan ce wa yaron da ya bar aikinsa ya kai ni asibiti?