Katunan Siminti

Litinin, 2 ga Fabrairu

Na koma ajin Harkar Banki da Kasuwar Kuɗi. Karo na biyu. Ɗakin bara, fankar bara mai kukan nan, malamin bara da ƙararrawarsa ta hannu. Mai Ƙararrawa ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "A'a, tsohuwar ɗaliba, barka da dawowa." Shi a dole mai barkwanci.

Abin da ya fi ƙona min rai, Lasifika tana ajin. 'Yar Gwaggo. Yarinyar da na goya, ni na koya mata ɗaurin ɗankwali, yau ta kamo ni. Tun daga layin gaba ta buɗe maƙogwaro, "Yaya! Na kama miki wuri!" Duk aji suka waiwayo. Na sha toka na wuce kujerar baya.

In na sake faɗuwa, sashen zai sallame ni. Babban Yaya ya riga ya yanke: shagonsa na waya yana neman mai zama, ba zai ƙara biya wa kowa karatun maimaici ba.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

An buɗe kasuwar wasa, mai ɗauke da rabin makin darasin. Kowa an ba shi kuɗin takarda da katunan hannun jari na kamfanoni uku da babu su a duniya: sabulu, lemo, siminti. Duk Alhamis malam zai farke ambulan ya karanta labari, ya kaɗa ƙararrawa, mu ture kujeru mu hau ciniki da ihu. Tafin hannu yana kallonka, saye kake. Yana kallon waje, sayarwa kake. Aka ce "na saya", aka ce "na sayar", magana ta ƙare, ko za ka yi kukan jini.

Ranar rufewa za a auna abin da ke hannun kowa da farashin ƙarshe. Wanda ya gaza rabin abin da ya fara da shi ya faɗi. Na ɗaya kuma zai yi aikin koyo a banki lokacin hutu.

Bara tsoro ne ya kashe ni, farashi na motsi kaɗan sai in sayar. Bana za su sani.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Gwaggo ta zo. Tana cire takalmi tana labarin 'yarta, wai ita ce kan gaba a kasuwa. Umma ta ce min, "Ki riƙa tambayar ƙanwarki abin da ya shige miki duhu mana." A gaban mutane! Na shiga ɗaki na ci gaba da babin babban banki da kuɗin ruwa. Shafi ɗaya na yi ta maimaitawa, ko kalma ba ta zauna ba.

Alhamis, 19 ga Fabrairu

Labarin yau: za a gina manyan gadoji. Na sayar da sabulu da lemo kaf, na kwashe siminti. Mai Ƙararrawa ya tsaya a kaina ya ce, "Babi na huɗu, rarraba jari. Kin karanta?" Na ce na karanta. Ya ce, "To."

To ɗin me? Shi da ya san kasuwa haka, me ya hana shi arziki? Takalminsa ɗaya tun bara.

Laraba, 25 ga Fabrairu

Lasifika ta sake kama min wuri. Ta ɗora jakarta a kai har aka tashi. Mtsw.

Alhamis, 5 ga Maris

Yau na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Lasifika ta yi wa Dogo, shugaban aji, alkawarin katunan siminti a yau, alhali ba ta da su. Ta ɗauka za ta tsinta da araha. Siminti kuwa kusan duk yana jakata. Ta zo da tafin hannu yana kallonta, tana murmushi, "Yaya, ki taimaka." Na ninka farashin sau uku. Ta ce, "Haba Yaya, ni ce fa." Na ce a nan babu yaya babu ƙanwa, kasuwa ce. Ta biya. Idonta ya kawo ruwa, amma ta biya.

Wasu biyu ma sun zo, na yi musu yankan da ya fi nata. Dogo ya ce, "Ke dai ba za a sake ciniki da ke ba." Na ce ko a jikina.

Lahadi, 8 ga Maris

Babban Yaya ya sa na tsare masa shago, wai in fara sabawa. Wani ya shafe rabin yini yana taya murfin waya, ƙarshe bai saya ba. Wallahi gara in mutu da in ƙare a kan wannan kujerar roba.

Alhamis, 19 ga Maris

Duk yankan da na yi wa Lasifika, ta farfaɗo da lemo, ita ce dai ta ɗaya. Ni ta biyu. Saura Alhamis ɗaya. Siminti na hawa, ba zan saki ko kati ɗaya ba sai na wuce ta. Ina so in ga fuskar Gwaggo.

Alhamis, 26 ga Maris



Malam ya farke ambulan ɗin ƙarshe: an fasa gadoji, an rufe masana'antar siminti. Ya kaɗa ƙararrawa. Farashin ya rufto kamar tsohon gini. Duk abin da na mallaka siminti ne. Na ɗaga hannu, tafi yana kallon waje, ina ihu ina rage farashi. Babu wanda ya dube ni. Dogo ya juya min ƙeya. Waɗancan biyun har dariya suke. Na tsaya a tsakiyar aji da hannu a sama kamar mai tare mota, ba abin da nake gani sai kujerar robar nan.

Malam ya ɗaga ƙararrawa, ya ce saura minti biyu.

Sai na ji muryar nan da ke fasa kunne: "Na saya! Duka!" Ta ambaci farashin da mai hankali ba zai biya ba, daidai wanda zai tsallakar da ni rabi. Ta yi lissafin a kanta, ashe. Tafinta yana kallonta. 

Na so in ce a'a. Wallahi na so. Bakina ya ce, "Na sayar."

Malam ya ce mata, "Kin san abin da kika yi?" Ta ce, "Malam, ina kyautata zaton za a sake buɗe masana'antar." Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce ciniki ya faɗa, ya kaɗa.

Na tsallake da ƙyar. Ita ta gangaro tsakiya. Dogo ne zai je banki.

Wa ya aike ta? Ni na roƙe ta? So take duniya ta ce ita ce ta kirki, ni ce muguwa. Ta cuce ni da alheri, shi ne kawai.

Asabar, 28 ga Maris

Umma ta ja ni gidan Gwaggo. Muka tarar tana ta faɗa, ta riga ta gaya wa kowa 'yarta za ta banki. "Sakarya! Masana'antar da aka rufe kike saye? Ina wayon naki?" Lasifika na zaune a bakin gado tana cire zare daga gefen zaninta. Ba ta ce a hannun wa ta saya ba. Tunda nake ban taɓa ganin yarinyar nan ta yi shiru ba. Abin ba kyan gani.

Na ce, "Gwaggo, ba sakarya ba ce. Ta fi kowa a ajin, har da ni." Umma ta buɗe baki tana kallona. Ni ma ban san daga ina maganar ta fito ba. Na tashi na nemi takalmina.

Litinin, 30 ga Maris

Bitar jarrabawa. Na riga kowa zuwa, na zauna a gaba, don fankar bayan nan ta ishe ni, ba don komai ba. Lasifika ta shigo a makare, tana sunkuyar da kai tana neman kujera a baya.

Jakata dama tana kan kujerar kusa da ni. Na kira ta, murya ta fi yadda na so. Duk aji suka waiwayo. Su waiwayo mana.