Injin da Baba Ya Ajiye Maka

Zuwa ga yayana Bulus, a Fatakwal,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Ladi da yara. Mu nan Kafanchan sai godiya, damina ta zauna, cittar gonar Baba ta yi kyau. Na rubuta maka a fili ne, inda abokanka ma za su gani, domin a waya kullum kana sauri, maganar nan kuwa ba ta sauri ba ce.

Yau Asabar. Yanzu na fito daga gareji, baƙin mai bai gama fita daga farcena ba. Na juye wa mashin ɗin Baba mai, na wanke fulogi, na ɗaure cen ɗin da ya saki, na shafa masa giris. Baba yana zaune a kujerarsa yana kallo. Hannunsa rawa yake yi yanzu, ba ya iya riƙe sifana, sai dai ya yi aikin da baki.

Bakin nan kuwa, Yaya, sunanka ne a cikinsa. In na ɗaure noti, sai ya ce, "Bulus ba ya matse shi haka." In ina zuba mai, "Bulus da ido yake aunawa." Ina durƙushe a kan buhu, gwiwa na ciwo, ina jin ana yabon mutumin da ya yi shekaru bai taka garejin nan ba.

Ka tuna muna yara? In Baba ya dawo daga aikin reluwe, sai ku biyu ku baje kayan aiki a ƙasa. Ni aikina in kawo ruwa da sabulu. Nakan tsaya da kwanon a hannu ina jin dariyarku. Wata rana na ɗauki sukundireba, Baba ya karɓe ya ce, "Rahila, za ki ɓata riga, je ki wurin Mamanki." Kai ko ɗago kai ba ka yi ba.

Bayan ka tafi, mashin ɗin ya mutu ranar da za mu gona a Fadan Kaje. Ka san Baba, ya ce makaniki ba zai taɓa masa mashin ba yana raye. Babu kowa sai ni. Da abin da na tsinta a kallonku na fara, na ƙona yatsa a salansar mashin, na ɓatar da noti, a hankali har na iya.

Watan jiya mashin ɗin ya riƙa shaƙewa a hanyar Kagoro, in zan tafi makarantar da nake koyarwa. Da na dawo gida na kwance kafireta ni kaɗai, na wanke ta da fetur, na hure ƙofofinta, na mayar. Ina buga kik ya tashi, sauti lafiya lau. Papa Emeka, tsohon abokin aikin Baba, yana wurin. Ya ce, "Oga, wannan yarinya naka ya iya aiki fa." Baba ya yi murmushi ya ce, "Ai ba ka ga yayanta ba." Na zagaya bayan gida wanke hannu, na daɗe ban dawo ba.

Ina kishinka, Yaya. Ba kishin aikinka ko motarka nake ba, Allah ya ƙara maka. Kai ka aiko da riga ɗaya, Baba ya sa ta zuwa coci yana nuna wa dattawa. Ni da nake ba shi magani safe da yamma, nake goya shi a mashin zuwa asibiti, ban taɓa jin ya ba wani labarina ba.

Ga abin da ya sa na zauna rubutun. Mashin ɗin yana hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, ringin fistin ya cinye. Sai an buɗe injin. Na sayo sabon ringi tun kafin Ista, kuma na san yadda ake sa shi. Baba ya hana. Ya ce, "Kar ki taɓa kan injin nan. Bulus zai zo, mu buɗe tare." Kowace Asabar sai ya sa na ɗauko masa kwalin ringin, ya jujjuya shi, ya ce in mayar.

Makon da ya wuce ina gyara birki, ya ce mini, "Bulus, kawo sifanan nan in gani." Na miƙa masa. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, kafin ya samo sunana. Likita ya ce mantuwar nan za ta riƙa ƙaruwa. Na ji tsoro, amma gaskiya har da haushi na ji. Ko mantuwar ma da sunana ta fara, ta bar naka.

Ka zo, Yaya. Kar ka jira Kirsimeti. Ka zo tun yana iya gane cewa kai ne ka shigo. Ba zan buɗe injin ba, ko da hayaƙin zai cika unguwa. Naka ne, shi ya ajiye maka.

Na san hannunka ya saba da biro yanzu. In ka zauna a gabansa ka ga ka manta yadda ake zaunar da ringi, kar ka nuna. Zan durƙusa kusa da kai kamar ina riƙe maka fistin, in gaya maka a hankali. Kunnensa ya yi nauyi, ba zai ji ba.

Ubangiji ya kiyaye hanyarka, ya riƙe mana Baba har ka iso, ni kuma ya sanyaya mini zuciya.

Ƙanwarka,
Rahila