Madam, Kwamfutar da Baba Ya Goyo Daga Maraɗi

Zuwa ga Yayata Balkisu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa miki gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina gaida maigidanki, ina kuma gaida ɗana Abdullahi wanda har yau a hoto kawai na san shi. Mu nan Sabon Birni lafiya lau muke. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, Baba yana nan da babur ɗinsa, gero kuma ya yi kyau bana.

Na san za ki yi mamakin doguwar wasiƙa daga gare ni, ni da ba na wuce "lafiya lau" da "to" idan kin kira. Akwai labarin da na daɗe ina son ba ki, amma duk ranar da na fara sai layi ya yanke, ko kuma Baba yana kusa. Shi ya sa na rubuta. Za ni kuma sa shi a shafina, domin 'yan ajinmu da suka ga ina kuka a garin Isa su san dalili.

Kin tuna ana gobe za ki tafi, da kika durƙusa a gaban Baba kika ce masa jarrabawar shiga jami'a yanzu a kwamfuta ake yin ta, kuma Ma'u ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ta makaranta da ake yi wa layi? Ni ina bayan ƙofa ina ji. Tun ina ƙarama haka muke yi. Ko takalmi ne ko littafi, ke nake gaya wa, ke kuma ki gaya wa Baba. Da kika tafi sai na ɗauka maganar kwamfuta ta bi ki.

Ashe yana riƙe da ita. Bayan kaka ya tafi Maraɗi kamar yadda ya saba, muna jiran dabino da taliya da atamfa. Da yamma sai ga shi ba ko ɗaya. A bayan babur akwai wani baƙin akwati naɗe cikin bargo, allon kallon kuma ya goya shi a bayansa da tsohon rawaninsa don kada gargada ta fasa shi. Haka ya ratso gari, mutane suna tambayarsa yaushe aka yi haihuwar. Wani abokin cinikinsa ne ya samo masa ita daga wani ofis da aka canza musu na'urori.

Da ya sauke ta a tsakar gida, abin da ya ce kawai shi ne, "Ga abin da waccan tac ce a sawo." Kin san ke ce waccan. Har yau kunyar ɗiyar fari ba ta bar shi ya kama sunanki ba.

Batirin solarmu ba ya ɗaukar ta kai tsaye, sai da aka sawo inbata, na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta gida. Ko da hakan, ba ya iya ɗaukar ta tare da fankar Baba. Sai Baba ya koma yin ƙailularsa a gindin dogon yaro, ya ce iskar can ta fi daɗi. Ni da Inna mun san ba haka ba ne.

Ranar da na fara kunna ta, duk rubutun da ya fito Faransanci ne. Inna ta leƙa ta ce ashe baƙuwar tamu Madam ce, sunan kuma ya bi ta. Kafin mako ya zagayo ta ɗinka mata riga mai sarƙa a baki, irin wadda ta yi wa talabijin ɗinki na aure, ta rufe akwatin tun daga sama har ƙasa. Idan ta turara ɗaki, sai ta kai kaskon kusa da Madam ita ma ta samu rabonta.

Madam ba ta san gaggawa ba. In kunna ta, in je in wanke kwanoni, in share tsakar gida, in dawo, lokacin take buɗe ido. Idan ta yi aiki kaɗan sai ta fara gurnani. Amma tawa ce, ba layi, ba mai cewa in tashi lokacina ya cika. Yaya, ban taɓa son wani abu na duniya kamar yadda na so akwatin nan ba.

Malama Hadiza, mai koyar da mu kwamfuta, ta zuba mini tambayoyin shekarun baya a filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Su da Turanci suke, don haka Faransancin Madam bai dame ni ba. Na haddace inda za ni danna su buɗe, sauran kuma na bar mata yarenta. Malama ta ce mana linzamin kwamfuta, wanda ake ja da hannu a danna, yana cin lokaci, mu saba da kibod, wato allon haruffa. Idan amsa A ce a danna A, idan B ce a danna B, sannan a danna N a wuce gaba. Kullum bayan la'asar ina kai, har yatsuna suka daina neman taimakon idona. Kuma da yake Madam tana jinkirin nuna cewa ta karɓi amsa, sai na saba da wucewa ba tare da na jira ba.

Da jarrabawa ta matso, makaranta ta kai mu wata cibiya a Isa don gwaji. Na zauna gaban kwamfutarsu hankalina kwance. Ni na fara gamawa a ajinmu. Na fito ina sunkuyar da kai don kada a ga murmushina.

Da sakamako ya fito, ina can ƙasa, ƙasa da waɗanda ba su taɓa riƙe linzami ba sai ranar. A nan ne aka ga ina kuka.

Malama Hadiza ba ta yarda ba. Ta nemi a buɗe mata amsoshina, sai ta ga duk tambayar da amsarta A ce na bar ta fayau. Ta zaunar da ni gaban kibod, ta ce in rufe ido in danna A. Na danna. Na buɗe ido, yatsana yana kan Q. Ta tambaye ni daga ina aka sawo kwamfutar gidanmu, na ce Maraɗi. Ta dafa kai, ta yi dariyar da ba ta so ta yi ba. Ashe kibod ɗin ƙasashen da ke amfani da Faransanci ba a jera shi kamar namu ba. A nasu yana layin sama, namu yana layin tsakiya. Ni kuwa ina ta danna Q ina wucewa, ban tsaya na ga ko ta karɓa ba.

Maganin a fili yake, Malama ta faɗa mini shi tun a mota. A canza kibod, a mayar da na'urar Turanci, a kuma ƙara mata ƙarfi don ta daina jinkiri, in sake koya wa yatsuna kafin ranar jarrabawa ta gaske. Idan ba haka ba, shekarar ta tafi. Amma duk wannan sai an gaya wa Baba, mutumin da ya goyo ta a bayansa, ya bar fankarsa, kuma yake gaya wa kowa a kasuwa cewa ɗiyarsa tana da kwamfuta a ɗaki. Ta yaya za ni buɗe baki in ce masa abin da ya kawo ne ya kayar da ni?

Na kira ki, layi bai shiga ba. Na sake kira, kika ɗauka, Abdullahi yana kuka, kika ce za ki kira anjima. Na je wurin Inna na roƙe ta ta gaya masa. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Yayarki ta yi nisa, ni kuma ban san A ba balle abokiyarta. Bakinki na nan gare ki."

Na kwana biyu ina juya maganar. Daga baya na roƙi Malama ta ara mini kibod ɗin makaranta. Da safe, bayan na kai wa Baba kununsa a zaure, maimakon in tashi sai na koma na ɗauko kibod biyun na jera su a kan tabarma. Na nuna masa wannan, na nuna masa wancan. Ina kallon gefen tabarma, amma na faɗi komai tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawon haka ba.

Kin san Baba bai yi boko ba, amma idonsa idon mai sayen atamfa ne. Ya jawo su kusa, ya bi layi-layi da yatsa, ya tsaya daidai inda suka saɓa. Ni kuwa hawaye sun fara zuba. Sai na ji yana dariya, ya ce, "To mi ne abin kuka nan? Ko sefa na ɗauko can, sai na canza ta kan ta ci kasuwarmu. Ita wagga mantawa munka yi ba mu canza ta ba." Ya kurɓi kununsa ya ƙara da cewa, "Da kin yi shiru, da shi ne za ni yi hushi."

Ranar kasuwar Isa aka sake naɗe Madam a bargo. Wannan karon ni na riƙe ta a cinya cikin mota, Baba yana gaba. Muka je shagon wani mai gyara, Malam Nura. Na ɗauka Baba zai yi bayani, sai ya nemi benci ya zauna ya ce ni na san ciwonta, in faɗa. Na faɗa. Ya fi na farko sauƙi.

Da Malam Nura ya kwance murfin akwatin, ƙamshin turaren Inna ya cika shagon. Ya ce ko amarya ba ta kai wannan na'urar gata ba. Zaren rigar da aka ɗinka mata duk ya taru a fankar ciki, rigar kuma ta toshe ƙofofin da take shan iska. Gurnanin da take yi ashe zafi ne. Ya share ta tas. Ya ƙara mata ram, wani siririn abu kamar matsefi, wanda ya ce shi ke ba ta damar riƙe ayyuka da yawa a lokaci guda. Ya cire tsohon ma'ajinta mai juyawa, ya sa sabo ɗan ƙarami wanda ba ya motsi ko ƙara. Ya mayar da ita Turanci, ya haɗa mata kibod irin namu. Baba ya karɓi tsohon ma'ajin ya jujjuya shi, ya sa a aljihu, ya ce ba a barin kayan mutum a shagon wani.

Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Inna ta ce wannan gyaran ita aka cuta, domin da can kafin Madam ta farka an wanke mata kwanoni. Rigar kuma an mayar da ita kan rediyo. Tsohon kibod yana saman kabet tare da kwanonin da ba a taɓawa sai an yi baƙi. Sunan ne kawai bai canza ba, har yau Madam ce.

Sake koya wa yatsa abin da ya riga ya saba ya fi koyon farko wuya. Sau da yawa ya kan gudu sama, in dawo da shi. Na kuma koyi tsayawa in ga amsa ta shiga kafin in wuce.

A Sakkwato muka yi jarrabawar. Da na zo tambaya ta farko da amsarta A ce, yatsana ya ɗaga zai tafi inda ya saba, ya tsaya, ya sauko layin tsakiya. Na ga alamar ta fito. Na yi hamdala a zuciyata na ci gaba. Yaya, sakamako ya fito, kuma na samu abin da Malama ta ce ya isa in nemi karatun haɗa magunguna. Yanzu gurbi muke jira.

Wannan wasiƙar a kan Madam nake buga ta. Ɗazu da hantsi, ina tsakiyar rubutu, Baba ya yi gyaran murya a bakin ƙofa ya shigo. Ya tambayi wa nake rubuta wa, na ce ke. Ya tsaya a bayana yana kallon allon, sannan ya ce in nuna masa harafin da sunan waccan ya fara da shi. Na nuna masa B. Ya tambaya ko shi ma an canza masa wuri, na ce a'a, a kibod ɗin Maraɗi da na nan duk wuri ɗaya yake. Ya ce madalla. Ya miƙa yatsa ya danna, bai san ana ɗagawa ba, har sai da na ce Baba ya isa. Ya fita yana gyara hula.

Ban goge ba. Ga saƙonsa nan yadda ya rubuta shi:

bbbbbbbbbbbbbbbbbbbbbbbbbbbbbb

Allah Ya tsare mana ke a inda kike, Ya raya Abdullahi, Ya ba maigidanki kasuwa mai albarka. Allah Ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da tsawon rai, Ya ba ni ikon saka musu ko da kaɗan ne. Allah Ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya, Ya sa hanya ta yi kyau ki zo mana da sallah, ki ga Madam da idonki, ki kuma ji yadda ƙanwarki ta iya magana.

Taki har kullum,
Asma'u, wadda kike kira Ma'u
Sabon Birni